Na Ce wa Likita Babu Kowa

Assalamu alaikum, Inna.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya haskaka makwancinki. Ni ce Hajara, autarki. Da hannuna nake rubuta wannan, don na shiga ajin manya bayan na aurar da 'ya'ya biyu. Idan rubutun ya karkace, ki yi haƙuri.

Maganar takwararki ce, 'yata Ummi. Bara da kaka ta daina barci, ta yi ta surutu, ta kwashe gyaɗar da muka shanya ta rabar wa masu wucewa. Da gwaggonta ta tsawata mata, ta zage ta a gaban jama'a. Ina kallon idonta na gane, Inna. Idonki ne sak.

Muka hau mota daga Zango zuwa asibiti a Katsina. Likita ya ce ciwo ne sananne, yana tashi yana kwantawa, kuma yana da magani. Sai ya tambaya ko wani a danginmu ya taɓa yin irinsa. Na ce babu kowa.

Tsoro na ji. Kin san masu binciken aure, sai sun tono har kaka.

Alhali ni ce nake kai miki kunu ɗakin bayan rumbu, in ajiye a bakin ƙofa in gudu. Na ga igiyar da aka ɗaure ki da ita a ƙafarki. Aka ce iska, aka ce sammu, wasu suka ce taurin kai ne kawai. Ranar sunan ɗana na fari kika yi mini baƙar magana a gaban dangin mijina, ban sake kwana gidanmu ba har kika rasu. Na ɗauka da gangan kika yi.

Yanzu Ummi tana shan ƙwaya safe da yamma. Tana sa ta ƙiba da nauyin jiki. Maƙwabta na cewa maganin mahaukata ne, mahaifinta na cewa ta dage da addu'a kawai. Addu'ar muna yi, amma sai na tsaya na ga ta haɗiye.

Da ta samu sauƙi, da ƙafarta ta je ta durƙusa wa gwaggonta. Ta ce ciwo ne ya tunzura ta, amma bakinta ne ya faɗa. Ranar na yi kuka sosai. Da an ba ki abin da aka ba ta, na san ke ma da kin neme ni.

Jiya muna tankaɗe ta tambaye ni ko ita kaɗai ce haka a zuriyarmu. Na ci gaba da tankaɗena.

Ranar Talata za mu koma asibiti. Bakina bai taɓa kiran sunanki ba, kunya ba za ta bar ni ba, shi ya sa na rubuta shi a takarda na ƙulle a bakin mayafi. Zan fara nuna wa Ummi a mota, sannan likita.

Allah ya sa wahalar da kika sha ta zame miki kaffara. Ni na yafe miki tuntuni, Inna. Ke ma ki yafe mini kunun da nake ajiyewa in gudu.

Autarki,
Hajara