Notin da Ba Shi da Ɗigon Fenti

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali da aikin gareji. Na kira ka sau huɗu ba ka ɗaga ba, shi ya sa na rubuto.

Jif ɗin Manaja da nake tuƙawa, wadda ka canza wa shoka biyu na gaba wata uku da suka wuce, ta fara ƙara. Ka san halina, komai na rubuta a littafina. Ƙarar ƙwas-ƙwas ce, daga gaba ta hannun dama. Ba ta yi a shimfiɗaɗɗen titi. Tana yi idan na hau tudun ƙofar ofis a hankali, tana kuma yi idan mota na tsaye na murɗa sitiyari. Na danna gefen motar da ƙarfina na saki, ta taso sau ɗaya ta tsaya, ke nan shokar kanta ba ta mutu ba. Ba ta yoyon mai. Na shiga ƙarƙashi na girgiza ƙaramin ƙarfen da ke haɗe da ita, bai motsa ba.

Jiya na buɗe bonet, na ɗora tafina a saman shokar, na roƙi tsohon da ke mana gadi ya murɗa sitiyari. A tafina na ji bugun. Yaya, Baba ya koya mana duk notin da aka gama ɗaurewa a ɗiga masa farin fenti. Notin saman hagu yana da ɗigo. Na dama babu.

Wataƙila ni ne ban gani daidai ba. Amma Manaja ya ce in motar ta kai Litinin tana wannan ƙara in ajiye masa mukulli, wai tuƙin ganganci nake yi. Ban yi masa zancen fenti ba.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka.

Akawu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke.

Na ga takardarka, har na ɗauka sammaci ne daga kotu. Shekara ashirin da shida ina riƙe da sifana. Kai kuwa wata takwas ka yi a garejin Baba ka arce makaranta, wai baƙin mai yana ɓata maka farce. Yau kai ne mai duba mini noti? Fenti ai yana gogewa. Ranar da na gama na ɗaga motar nan a jak, na girgiza taya, ko ƙis ban ji ba. Layin gidan Manajanku ramuka ne kamar an yi kaftu. Duba littafin naka da kyau, za ka ga inda ka afka.

Kuma ka san motocin kamfaninku bakwai su ke riƙe da garejin nan. Ka iya bakinka.

Kawo ta Laraba. Kafin nan wuri a cike yake.

Yayanka.

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida mutanen gida.

Litinin na faɗa maka, ka ce Laraba.

Na bi maganarka na koma littafi. Na sami wannan a shafin ranar sha ɗaya ga wata: "Na faɗa ƙaramin rami kusa da gidan mai, tayar dama." Ramin bai kai zurfin faranti ba, ƙarar kuma tun ranar tara ta fara. Duk da haka, tunda ka faɗa na kasa sakewa. Kai ne babba, kai ne mai sana'ar. Sai na ƙara a ƙasa: "Mai yiwuwa laifina ne."

Ranar Litinin Manaja ya kira ni ofis, ya ce ya ji ni mai rubuce-rubuce ne, in miƙo littafin. A tsaye ya karanta. Ya tsallake shafi huɗu na gwaje-gwaje, idonsa ya sauka a kan layin nan. Ya ce, "To malam marubuci, ai ka hutar da ni, ka yanke wa kanka hukunci." Sannan ya ce, "Aikin ɗan'uwan naka fa?" Na ce aikin Yayana ba shi da matsala. Shafin da na rubuta zancen fenti kuwa, tun da safe na yage shi, yana aljihuna.

Na ajiye mukulli kusa da kofin shayinsa. Shekara tara ina tuƙa shi. Da na shiga gida da tsakar rana a ƙafa, maiɗakina ta dubi hannuna, ta ga babu mukulli, ta koma wankinta.

Roƙona ɗaya. A kan jak taya tana reto, babu nauyi, ba za ka ji komai ba. In motar ta zo, don Allah ka sa sifana a notin nan. A cikinta ake kai 'ya'yan Manaja makaranta.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka.

Akawu,

Sallama. Sabon direba ya kawo motar.

Na sa sifana a notin dama, ya yi zagaye biyu da rabi kafin ya kama. Robar da ke ƙarƙashinsa ta riga ta cinye. Na sa sabuwa, na ɗaure, na ɗiga fenti. Na hau tudu sau shida, shiru kake ji. Na tuna ranar ma, ina kan notin nan wani ya shigo da motarsa tana hayaƙi, na ajiye sifana na tafi.

Manaja ya tambaye ni me ya jawo. Na ce masa rami kan yi haka. Me kake so in ce? Gida shida ke ci a garejin nan. Kai kana da takardar sakandare, ba za ka rasa abin yi ba. Kuma wa ya aike ka rubuta wa kanka laifi?

Ka zo ranar Asabar mu ci abinci. Matar yayanka tana ta tambayarka.

Yayanka.

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Na ji daɗi da ƙarar ta tafi.

Ga shafin da na yage, na sa maka a cikin ambulan. Ka ajiye ko ka goge hannu da shi.

Na ƙara layi ɗaya a littafina: zagaye biyu da rabi. Wannan karon ban sa "mai yiwuwa" ba.

Asabar ba zan samu zuwa ba. Ka gaida matarka da yara.

Ƙaninka.