Dariyar da Ke Kulle a Shafin Huluna

Briqueterie, Yaoundé
Ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Rahmatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarki da ta maigidanki Malam Awwal da yara. Yaya sanyin Ngaoundéré? Yaya ƙarin haƙurinmu? Ni ina nan da sauran numfashi. Gwiwa tana damuna idan an yi ruwa, ruwan kuwa ba ya ɗaukewa a garin nan.

An ce kina fushi don ba na ɗaukar waya. Ba ƙi nake yi ba. Kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagun ma likita ya ce yana bin sahu. Shi ya sa na koma wa biro da takarda, aikin da aka koya mana a lekol, makarantar boko, tun ana rubutu da tawada. Direban motar garinku zai riƙa kai miki.

Wata bukata ce ta sa na rubuto. Kin san yayanki ya buɗe mini shafi a intanet saboda huluna, da sunana ya yi shi, nawa ne. Kafin azumi ya ɗauke ni a bidiyo a ƙofar shago, ina bayanin yadda ake wanke hula a ɗora ta a kan gungume. Ina cikin magana sai akuyar Jaratu maƙwabciyarmu ta figi hula guda ta ruga, na bi ta da sanda ina zaginta. Rahmatu, yaron nan ya yi dariya har wayar tana rawa a hannunsa. Kin san tsakanina da shi. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa ba, shi ma bai taɓa ɗaga kai a gabana ba. Ya girma, ya yi gemu, ban ji dariyarsa kusa da ni ba sai ran nan da ya manta ina wurin. Bai fitar da bidiyon ba, ya ce ya ajiye shi can ciki, wurin da mai shafi kaɗai ke shiga, sai mun sake wani mai kyau. Ba mu sake ba.

Na san kina da muryarsa a wayarki, kin taɓa sa mini. Gaisuwa ce ƙasa-ƙasa, irin wadda na saba. Ba ita nake nema ba.

Jiya na lallaɓa shagon Mohaman Bello, mai kwamfutoci a hanyar Mokolo. Ya buɗe mini ƙofar shafin. Gurbi biyu ne. Na ƙasa na kalmar sirri ne, ita na sani, sunan mahaifiyarku ne. Na sama kuwa sunan wanda ya gina shafin ake sawa. Mohaman Bello ya ce, "Baba, yaya sunan yaron?" Na sunkuyar da kai. Shi mutumin Maroua ne, ya san kunyar ɗan fari, ya gane. Sai ya turo mini allon rubutun, ya juya fuska wajen titi. Da yatsa ɗaya na rubuta.

Shafin ya karɓa. Har na fara hamdala, sai ya ce ya tura kod, wasu lambobi, zuwa wayar yayanki, sai an kwafo su ƙofar za ta buɗe.

Wayar kuwa kin san inda ta tafi. Ranar sadakar uku na tattara rigunansa da takalma da wayar na rabar, tun kafin a ce tsoho Yuguda ya rungume kayan ɗan fari yana kuka. Wayar ta faɗa hannun wani Alim, mai rako shanu zuwa kasuwar Etoudi, wanda ya tsaya aka yi sallar gawa da shi. Ya ce daga wajenku yake. Dogo ne, yana da tabo a kuncin hagu. Don Allah ki roƙi Malam Awwal ya bincika a kasuwar shanu. Ba wayar nake so ya mayar ba, sadaka ce, ta tafi. Lambobin kawai zai karanto mana.

Ki gaishe da yara, ki shafa mini kan ƙaramin.

Mahaifinki,
Yuguda

Briqueterie, Yaoundé
Ranar Alhamis

'Yata Rahmatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kamar yadda takardarki ta nuna. Zumar da kika aiko ta iso, Allah Ya yi miki albarka. Ki yi wa Malam Awwal godiya, na san yawon da ya sha a cikin laka kafin ya samo Alim.

Na karanta abin da Alim ya ce har ya zauna a kaina. Wai tun a jirgin ƙasa wayar take ta ƙara, masu neman hula suna tambayar marigayi, shi kuma ba ya iya ce musu ya rasu. Sai ya zare pus ɗin, wato layin, ya jefar ta taga, ya kai aka goge wayar tas. Ki ce masa ban riƙe shi da komai ba. Da ni ne ma abin da zan yi ke nan.

Mohaman Bello ya ce kada in karaya, a je ofishin masu layin da takardar rasuwa su ba mu lambar. Ya rufe shagonsa ya ɗauke ni a moto, wato babur. Kin san ban hau moto ba tun da shi ya yi ajalin yayanki. Na rufe ido har muka isa. Wata yarinya mai ladabi ta duba, ta yi mini bayani da Faransanci a hankali, tana ɗaga murya saboda kunnena. Ta ce layin da ya daɗe ba a aiki da shi akan ba wani, kuma wannan an riga an bayar. Ba ta da ikon faɗin wa aka ba.

Da muka fito Mohaman Bello ya ce, "Baba, ai lambar tana nan, mutum ne kawai ya canza. Mu kira shi mu roƙe shi." Na ce to. Amma na kasa ce masa ya kira a ranar. Lambar nan na haddace ta, ban shirya jin wani ya amsa ta ba.

Kunnen yana ƙara nauyi. Kekunan teloli da ke hana ni barcin rana yanzu kamar daga wata unguwa nake jin su. Ki sa ni a addu'a.

Mahaifinki,
Yuguda

Briqueterie, Yaoundé
Ranar Asabar

Rahmatu 'yata,

Assalamu alaikum. Yaya gida, yaya yara, yaya jikin surukarki? Allah Ya ƙara sauƙi. Kin ce in tattara in dawo wurinku. Na ji, zan yi tunani.

Mun kira. Mace ce ta ɗauka, mai sayar da kifi a Douala, ba ta jin Hausa. Mohaman Bello ya yi mata bayani tiryan-tiryan, ya ce saƙo zai shigo mata yanzu, ta taimaka ta karanto lambobin. Ina kallon fuskarsa na san ba a dace ba. Ya ce ta ce ɓarayin waya duk haka suke zuwa, yau wani ya mutu, gobe wani yana asibiti, kana ba su kod su kwashe abin da ke cikin layinka. Ya rantse mata, ta ce su ma suna rantsuwa.

Sai na karɓi wayar na manna a kunnen hagu. Na tattaro Faransancina na lekol, na ce mata madam, ni tsoho ne, ɗana ya rasu, dariyarsa kawai nake so in ji kafin in kurmance. Ta yi magana mai tsawo. Rahmatu, ban ji ko kalma ɗaya ba. Mohaman Bello da ya kara kunnensa ne ya faɗa mini daga baya. Wai a ƙarshe ta ce, "Papa, idan gaskiya kake faɗa Allah Ya ba ka haƙuri, amma an taɓa yi mini, 'ya'yana suka kwana da yunwa." Ta kashe. Da muka sake kira ta toshe mu.

Ban ga laifinta ba. Mohaman Bello ya ce zai rubuta wa kamfanin da ke riƙe da shafin, amma a ƙasar waje suke, kuma za su nemi shaidun da yayanki ne kaɗai ya san inda suke. Ya ce zai ɗauki lokaci. Na ce masa ya rubuta. Ban gaya masa cewa tun shekaranjiya ba na jin kiran sallah ba, sai Jaratu ta leƙo ta taga ta ɗaga mini hannu.

Duk da haka kullum da hantsi ina zuwa shagon. Ya ware mini kujera ta kusa da bango, ba ya karɓar komai. Yakan buɗe mini ƙofar shafin ya koma aikinsa. Ba na danna shiga, don kada saƙo ya riƙa damun baiwar Allah can. Gurbin sama kawai nake cikawa, in zauna ina kallo, in goge, in dawo gida. 

Rilwanu. Ga shi na rubuta miki, ki gani da rubutuna. Ni na raɗa masa shi a kunne, daga ranar ban sake furtawa ba, ina ganin kamar akwai lokaci.

Abu ɗaya nake roƙo. Ke kin tashi tare da shi, kin sha jin dariyarsa a ɗakin mahaifiyarku idan na fita. Kada ki kira, ba zan ji ba. Ki zauna ki rubuto mini yadda take, yadda yake farawa, ko yana riƙe ciki, ko hawaye na zubo masa, da abin da ke sa shi yin ta. Ki rubuta da manyan baƙi, ki cika takardar.

Allah Ya yi muku albarka, Ya jiƙan Rilwanu.

Mahaifinki,
Yuguda