Hadarin da ya ƙi haɗuwa

Dogon Dutsi, daren Laraba, farkon damina

Na kasa zama wuri ɗaya. Tun da kumandan, mai mulkin gundumarmu, ya danƙa mini ma'aunin ruwan sama da ke bayan lakwal, makarantar bokon garinmu, mutane sun ɗauka ni ke riƙe da damina. Sati biyu ke nan ko ɗigo bai faɗa ciki ba.

Da la'asar Baba ya iso daga ƙauye bisa jaki. Geron da ya shuka da ruwan farko ya ƙone, irin da ya rage mishi bai wuce ƙwarya guda ba. Ya ce, "Mamman, kai da ke jin rediyon Yamai, in binne shi gobe ya jira ruwa a ƙasa, ko in dakata?"

Na gaya mishi abin da na ji: akwai hadari can gabas, amma a warwatse yake, ba a san ko zai haɗu ba.

Ya ce, "Wannan na gani da idona. Kai me ka ce?"

Na ce ya binne. Wallahi ban san inda maganar ta fito ba. Ko furar da matata Hadiza ta dama bai shanye ba ya juya.

Sau huɗu ina fita duban gabas. Walƙiya nan ɗaya, can ɗaya, babu tsawa. Iska ta taso, ta kwanta. In yayyafi kawai ya sauka, irin zai tsiro ya mutu, kuma da bakina aka binne shi.

Baba bai taɓa neman shawarata kan gona ba sai yau.