Bugun Ƙofa a Bayan Kiɗa

Matanzas, 6 ga Maris, 1957

Zuwa ga 'yata Casilda,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin surukarki? Ni lafiya lau, sai dai gwiwa da ke ƙin hawan matakala.

Ni na riƙe ki a coci ranar baftismarki, na kuma yi wa mahaifinki Nicasio alkawarin zama uba gare ki. Akwai wata magana da ta kamata ki ji daga bakina tun da daɗewa, yanzu kuma dole ta sa zan faɗe ta.

Dakta Fundora, ɗan marigayi Don Leocadio wanda ya shugabanci ƙungiyar makaɗanmu, ya aiko mini da takarda. Zai sake fitar da tsofaffin kaɗe-kaɗen mahaifinsa a sabon faifai, yana so in je Habana a ɗauke ni hoto, domin ni kaɗai na rage a raye. Ya ce injiniya zai share duk dattin da ke ciki: ƙarar allura, da tari, da wani bugu-bugu da ake ji a faifanmu na farko, wanda mahaifinsa ya ce wani kafinta ne yake aiki a bene.

Babu kafinta, Casilda. Mahaifinki ne.

A shekarar 1911 aka kai mu wani ɗakin otal a Habana, inda wani Bature ya kafa na'urarsa. Babu lantarki a aikin. Wani ƙaton mazurari ne ya leƙo ta labule, sauti ya shiga ta bakinsa, allura ta zana shi a kan faifan kakin zuma. Aka sa muka tuɓe takalma don kada taku ya shiga. Masu goge suka manne da bakin mazurarin, ni da sarewata a bayansu, mai ƙaho kuwa can jikin bango. Da mahaifinki ya taɓa gangunansa, allura ta yi tsalle ta ɓata kakin. Baturen ya nuna shi da yatsa, ya nuna ƙofa.

Don Leocadio ya ce, "Nicasio, kwashi tarkacenka ka ba mu wuri. Kana firgita wa mutumin allura."

Mahaifinki ya ce, "Maigida, kiɗan rawar danson babu ganga? To ku gwada. Masu goge za su riga ku isa gida, mai ƙaho yana baya yana neman takalminsa."

Muka yi dariya. Ni na taya shi fitar da gangunan, ni kuma na rufe ƙofar a bayansa.

Abin da ya faɗa shi ya faru. Sau biyu muka fara, sau biyu muka watse kafin tsakiya. Baturen ya ce saura kaki ɗaya, in muka ɓata shi zai kira wata ƙungiya. A karo na uku, muna ɗaga kayan kiɗa, sai muka ji ana buga ƙofa da gaɓar yatsa, a hankali, daidai inda ganga take faɗuwa. Dukanmu muka kama wannan bugu muka bi shi har ƙarshe. Ba a sauraron kaki nan take, domin allura za ta cinye shi, saboda haka babu wanda ya san bugun ya shiga sai bayan wata biyar da faifan ya iso.

Don Leocadio ya tara baƙi a gidansa aka ɗora shi a garmaho. Wata mata ta tambayi abin da ke bugawa a baya. Ya ce kafinta ne, ya ƙara da cewa ƙungiyarsa ta nuna wa duniya ana iya danson ba da ganga ba. Mahaifinki ya ce, "Ni ne kafintan, Maigida. Ga Eulogio nan, a tambaye shi." Kowa ya juyo gare ni. Na sunkuyar da kai ina kallon kofina. A makon nan aka sallami mahaifinki saboda rashin kunya a gaban baƙi.

Sauran kin san shi. Kin san dakon buhunan sukari a tashar jirgi, kin san sunan da 'yan dako suka laƙaba masa har ya mutu. Kina ƙarama kawunanki suna ce masa, "Kafinta, zo ga ƙofar bayan gida ta lalace, ka kaɗa mana ita." Ni ina zaune a wurin, kina kan cinyata. Ban daɗe da aure ba lokacin da abin ya faru, ina tsoron rasa kujerata a ƙungiyar. Na faɗi wannan ne domin ki san dalili, ba domin ya wanke ni ba.

Nawa faifan ya fashe a guguwar 1926. Wanda ke hannun Dakta shi kaɗai na san ya rage. Mahaifinki bai bar hoto ba, ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. Zan tafi ranar Litinin in hana a share shi.

Ki gaishe mini da mutanen gida.

Ubanki na baftisma,
Eulogio Baró

Matanzas, 21 ga Maris, 1957

Zuwa ga 'yata Casilda,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Takardarki ta riga ni isowa gida. Ba ki zage ni ba, ba ki kuma ce kin yafe ba, na kuwa ga daidai ne. Abu ɗaya kika roƙa, ki ji bugun da kunnenki ko sau ɗaya. Ga yadda ta kasance.

Dakta ya karɓe ni da girmamawa, ya ba ni kujera da sigari. Injiniyan, wani mai suna Quiñones, ya nuna mini aikinsa. Ya kwafe tsohon faifan a kan wani siririn zare mai ɗaukar sauti, duk inda ya ji bugu sai ya sa reza ya yanke wurin ya liƙe bakin biyu. Kwana huɗu kafin zuwana ya gama.

Na ba su labarin kamar yadda na ba ki. Na sa yatsa a kan tebur na buga musu shi tun daga farko, domin ban manta ko ɗaya ba. Quiñones ya ajiye rezarsa ya ce, "Dakta, wannan ba guduma ba ce. Tun ina yankan nake mamakin kafintan da ya iya kiɗa haka. A ba ni faifan in sake kwafa, aikin yini ɗaya ne."

Dakta bai dube shi ba. Ni ya duba, ya ce, "Don Eulogio, shekarunka nawa yanzu?"

Na ce saba'in da shida.

Ya ce, "To ka gani. Ni ma da ban kai ka ba, jiya na nemi tabarau yana kan hancina."

Na ce, "Dakta, na manta abin da na ci da safe, amma ban manta wanda na rufe wa ƙofa ba."

Ya ce, "Shekara talatin ka yi kana busa a bayan mahaifina. Ka ci a teburinsa, kai ka yi jawabi a jana'izarsa. In gaskiya ne, me ya hana ka faɗa yana raye? Sai da ya mutu za ka zo ka mai da shi maƙaryaci a ofishina?"

Da na yi magana a gaban baƙin Don Leocadio ranar nan, kalma biyu sun isa. Yanzu na yi bayani na rabin sa'a, an saurare ni kamar yadda ake sauraron tsoho.

Na roƙe shi ya bar ki ki zo ki ji tsohon faifan. Ya ce an sa shi cikin gilashi, kowace allura tana rage masa rai, ba za a ƙara ɗora shi ba saboda kowa. Na ce a cire sunana daga bangon sabon faifan. Ya ce an riga an buga. Hoton dai na ƙi, wannan kaɗai na iya.

Ina saukowa Quiñones ya biyo ni da ambulan. Ya tsince guntayen zaren da ya yanke daga kwandon shara, arba'in da ɗaya, kowanne bai kai faɗin farce ba. Ya gaya mini gaskiya cewa babu na'urar da za ta iya karanta su a haka, kuma ba a san wanne ke bin wanne ba. Suna cikin wannan takarda. Ki buɗe ta a kan tebur, nesa da taga.

Faifan zai fito a watan Yuni. Ba na ba ki shawarar saye. Na ji shi sau ɗaya a can, kuma ya ishe ni. Duk inda reza ta ɗauke bugun ta haɗa da ɗan lokacin da ke ƙarƙashinsa, saboda haka kiɗan yana tuntuɓe a wurare arba'in da ɗaya. Quiñones ya ce kunnen mutane ba zai kama ba. Kunne ba zai kama ba, amma ƙafar mai rawa za ta kama. Za su ce makaɗan dā ba su iya riƙe kiɗa ba, kuma ba za su yi mana ƙarya ba. Haka muke in babu mahaifinki.

Allah ya tsare ki, ya raya miki yara.

Ubanki na baftisma, in har kina so,
Eulogio Baró