Wa Zai Tsaya wa Wanda Ya Faɗi a Tseren Kaka?

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin Tseren Babura na Kaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ranka ya daɗe, ina fatan kana lafiya, da iyali, da sauran 'yan kwamitinka baki ɗaya. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya ƙara taimako, amin.

Sunana Shu'aibu. Mutanen Makarfi Malamin Gona suke kirana har gobe, ko da yake ina cikin waɗanda aka sallama lokacin rage ma'aikata. Ba ka san ni ba, amma ka san sunan ƙanena Garba, domin da bakinka ka faɗe shi a lasifika a filin Ikara bara, ka ce a yi masa addu'a. Na zo ofishinka, masinja ya ce kana taro. Na sake dawowa, ya ce ka tafi Kaduna. Don haka na kawo maganar gaban jama'a, tunda ku ma a tashar mota kuka liƙa sababbin dokokin tsere, kuka ce mai magana ya yi kafin a sa hannu. To, ina da magana. Ɗana Haruna ya ba da sunansa a tseren bana, kuma babur ɗin baffansa marigayi Garba zai hau.

Kafin in shiga dokokin, bari in tuna maka yadda muke yi a da, domin kai baƙo ne a wannan yanki, kuma ban ga laifinka a kan abin da ba a faɗa maka ba. Bayan an kai amfanin gona gida, mahaya sukan taru a Kudan, su bi ta Taba, su ratsa Makarfi, su bi ta Saulawa, su ƙare a Ikara. Ɗaya bayan ɗaya ake sakinsu, kowa da lokacinsa. A kowane ƙauye akwai alƙalin hanya riƙe da agogo, yana zaune tare da mai unguwa. Ni ne na Taba shekaru da dama. Idan mahayi ya faɗi, wanda ke biye da shi ya tsaya, ya ɗaga shi, ya ɗaure masa inda ya ji ciwo, ya miƙa shi hannun mutane. Mai unguwa sai ya ɗaura wa wanda ya tsaya farin ƙyalle a dantse, ni kuma in rubuta tsawon tsayuwarsa, a cire masa a lissafin ƙarshe. Wannan shi muke kira rangwamen tsayawa. Wanda ya tsaya bai yi asarar komai ba. Wallahi na sha ganin an fi yi wa mai farin ƙyalle guɗa a Ikara a kan wanda ya ci tseren.

Yanzu ga dokokinku.

Na farko, hular kwano. Kun ce ba mai hawa ba tare da ita ba. Madalla. Da ina cikinku da hannu biyu zan sa wa wannan. Samarinmu suna cewa tana sa gumi, tana toshe kunne. Su yi gumin, iyayensu mata sun fi son su dawo da gumi.

Na biyu, inji. Kun ce dole inji ya kasance yadda kamfani ya ƙera shi, ban da wanda bakanike ya buɗe ya yi wa dabara. Ranka ya daɗe, a wannan zamani na tsuke bakin aljihu? Ka aika a zagaya shagunan Zariya a nemo maka fistin sabo a leda, ka ga kwana nawa ɗan aiken zai yi. Duk babur ɗin da ke yawo tsakanin Kudan da Ikara haɗe-haɗe ne, kafireta daga wannan, ringi daga wancan, salansa kuwa maƙeri ne ya lanƙwasa ta. Idan wannan doka ta tsaya, 'ya'yan 'yan kasuwar birni ne za su zo su yi tsere a gonakinmu, mu mu tsaya a gefe muna tafi. Ban ji daɗinta ba, amma idan ita kaɗai ce, zan haɗiye. Ba a kanta na ɗauki alƙalami ba.

Na uku, tun bara kun janye alƙalan hanya daga ƙauyuka. Hujjarku ita ce babu man da za a kai su a ɗauko su. Na san layin da ake yi a gidan mai, ni ma ina binsa. Amma wa ya ce muku ana kai mu? A kan kekena nake zuwa Taba, mai unguwa ya ba ni fura, in yini in dawo. Ba wanda ya tambaye mu ko za mu ci gaba da yi, sanarwa kawai muka ji.

Na huɗu, kuma ita ce ta hana ni barci. Kun ce a saki mahaya gaba ɗaya lokaci guda, wanda ya riga shiga filin Ikara shi ne gwani, kuma an soke rangwamen tsayawa. Bara kun ce gwaji ne. Bana kuna so ta zama doka.

Na ji dalilanku, kuma ba zan yi kamar ban ji ba. An ce manyan baƙi sukan zauna a rumfa su ga mutum ya shigo na farko, sojoji su buga badujala, sannan a ce musu ba shi ba ne, a jira alƙalan ƙauyuka su iso da lissafi. Babban mutum ba ya jira har magariba, ya tashi ya tafi, kamfanin tayar da ke ba da kyauta ya yi fushi. An kuma ce wasu suna haɗa baki, ɗaya ya kwanta da gangan, ɗaya ya tsaya ya huta a kan lissafin kwamiti. Gaskiya ne, an taɓa yi a Saulawa. Amma mai unguwar nan take ya gane, ya hana ƙyallen, kuma waɗannan samari biyu har yau ba sa iya ɗaga kai a kasuwa. Mun hukunta abinmu ba tare da mun rushe al'adar ba.

Yanzu bari in gaya maka abin da gwajinku ya haifar, domin abin da aka rubuta muku a rahoto layi ɗaya ne: haɗari ya auku, mahayi ya rasu.

Garba mai walda ne, yana da mata da 'ya'ya uku. Ni na goya shi bayan rasuwar mahaifinmu, ni na koya masa hawan babur a kan na gwamnati da nake zagaya gonaki da shi. Ran tseren, da suka wuce Taba, akwai wata kwalbati a tsakiyar gonakin rake. Da safen an ɗauki rake a wurin, ɓawo da ganye sun zube a kan hanya. Yana cikin na gaba-gaba. Tayarsa ta zame, ya faɗa ramin kwalbatin, ƙarfen babur ya tsaga masa cinya. Bai suma ba. Kansa lafiya, bayansa lafiya, jini ne kawai yake zuba. Rigarsa ja ce, ana hango ta daga kan hanya.

Mahaya suka yi ta wucewa, ranka ya daɗe. Duk ɗinsu sun san shi. Wasu shi ya yi musu waldar baburan da suke kai. Ba alƙali a Taba, domin kun janye ni, ina can Ikara cikin 'yan kallo ina miƙa wuya ina jiran jar riga. Wata tsohuwa mai tsintar ɓawon rake ce ta ji nishinsa bayan hanya ta yi shiru. Ta yi kururuwa, manoma suka zo, suka ɗora shi a amalanke zuwa bakin titi. Kafin a sami mota a kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malamin asibitin da ya duba shi ya ce mini da an sami wanda ya ɗaure cinyar da wuri, da tsumma ma, da wata maganar ake yi. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma imanin bai hana a tambayi wanda ya cire tsumman daga hanya ba.

A zaman makoki Bitrus ya zo. Bakanike ne, mutumin kudancin jihar nan, ya daɗe a Makarfi, shagonsa jikin na Garba. Kwano ɗaya suke ci da rana, ranar Kirsimeti matarsa takan aiko mana da shinkafa, da Sallah mu aika musu. Shi ya zo na biyu a tseren. Ya durƙusa a gabana cikin mutane, ya kasa haɗa ido da ni, ya ce, "Malam, na gan shi. Na ga rigar. Ƙafata har ta taɓa birki. Sai na ji na bayana sun taso, na ce a raina ɗaya daga cikinsu zai tsaya." Bayan kwana biyu wani ya zo ya faɗa mini kusan wannan maganar. Daga baya wani ma haka. Kowa ya bar wa na bayansa, har aka kai ga na ƙarshe, shi kuma ya ɗauka tun da ba wanda ya tsaya, ai an riga an ɗauke mai babur ɗin.

Ban riƙe Bitrus a zuciya ba, Allah ya sani. Wannan mutum yana da farin ƙyalle biyu a gidansa daga shekarun baya. Halinsa bai canja ba a shekara ɗaya, doka ce ta canja a ƙarƙashinsa. A da an ce masa tsaya, ba za ka rasa komai ba. Bara aka ce masa in ka tsaya ka zubar da wahalar shekara guda, a gaban garinku, alhali mutum goma suna huci a bayanka. Tun ranar bai sake hawa babur ba. Yana gyara na mutane, amma ko gwadawa ba ya yi, sai ya ba mai shi ya zagaya. Mutum biyu gwajinku ya ɗauke mini, ɗaya yana ƙasa, ɗaya yana zaune a shago kamar an zare masa laka.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne yadda takardarku ta ce gwajin bara ya yi armashi, 'yan kallo sun ƙaru, baƙi sun yaba. Haba, ranka ya daɗe! Matar Garba ba ta iya karatu ba, ɗanta ne ya karanta mata wannan layin a tasha. Ta zo gidana ta tambaye ni ko da gaske haka aka rubuta. Na ce mata haka ne.

Ga roƙona.

Ku dawo da rangwamen tsayawa. Idan dole sai an saki mahaya tare don manyan baƙi su ga abin da suka zo gani, to a sake su tare, amma kada a miƙa kofi sai an ji daga ƙauyuka. A ba baƙin lemo, a yi musu kalangu, su jira. Mu ma mun jira su sau da yawa a rana.

Ku mayar da alƙalan hanya. Ba ma son mai, ba ma son alawus. Na yi magana da na Saulawa da na Kudan, duk sun ce a shirye suke. A ƙara mutum ɗaya a kwalbatin Taba, kuma a share hanyar da safe.

Ku kira mahaya da masu unguwanni ku zauna da su kafin a sa hannu. Ku kira Bitrus. Ba zai so zuwa ba, amma in na roƙe shi zai zo.

Idan kuma duk wannan ya fi ƙarfinku, to ku rubuta gaskiya a ƙasan takardar da kuka liƙa, da manyan baƙaƙe, cewa wanda ya faɗi a wannan tsere ba mai tsaya masa. Kowane uba ya karanta kafin ɗansa ya fita.

Wataƙila za ka ce me ya hana ni hana Haruna. Na gwada. Magidanci ne, matarsa ta haihu da damina, ba yaron da zan ƙwace wa makulli ba ne. Ya gyara babur ɗin baffansa da hannunsa, ya ce ba zai bari a ce gidanmu ya gudu daga hanyar ba. Uwarsa ta yi kuka, ta yi fushi, ta daina yi masa magana, duk a banza. Na haƙura na sayo masa hular kwano.

Ina roƙon Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya, ya kare maka zuriya, kada ya nuna maka ranar da za ka tsaya a bakin fili kana jiran naka bai iso ba. Allah ya jiƙan Garba da sauran musulmi da suka riga mu, ya ba Bitrus sanyin zuciya, amin.

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna dawowa daga masallaci, Haruna ya rage tafiya har ya jera da ni. Ya ce, "Baba, in na tarar da mutum a ƙasa, in tsaya ko in wuce?" Na ce masa ya tsaya, wace irin tambaya ce wannan. Muka ɗan taka. Sai ya ce, "To in ni ne a ƙasan fa?"

Ranka ya daɗe, amsar wannan tambaya ba a hannuna take ba. Tana kan teburinka, kuma yana jira.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Shu'aibu Malamin Gona,
Makarfi.