Kwalba ta Goma Sha Biyu

Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da jikoki. Yau na ga rahoton da kwamitinku ya miƙa wa gwamnati a kan rijiyoyin da ke bayan masana'antar batir. Wai ruwan yana shawuwa. Malam, da hannuna na ɗebo ruwan nan, kwalba goma sha biyu, kowacce na ɗauraye ta sau uku kamar yadda ka koya mana a aji. Dalmar da na samu a ciki ta ninka ƙa'ida sau tara. Ina sakamakon da ofishinmu ya miƙa muku ya shiga? Na tabbata kuskuren mai buga takarda ne. Don Allah ka duba, yara na shan ruwan.

Ɗalibarka.

*

'Yar Kwalba,

Saƙonki ya iso, muna lafiya. Har yanzu dai kina nan da zafin kanki! Ba kuskure ba ne. Masana'antar ta aiko da nata ruwan, shi muka gwada. Mutum ɗari huɗu ke cin abinci a wurin, kuma mai ba gwamnati shawara dole ya san lokacin magana da na shiru. Za a ɗauke ki daga ɗakin gwaji a mayar da ke sashen adana takardu. Ni na ba da shawarar, don ki huta. Ki gaida maigidan.

Malaminki.

*

Malam,

Barka da war haka. Sau uku na karanta wasiƙarka ina neman inda za ka ce wasa kake. Kai ne ka taɓa yaga takardata a gaban aji don na sa hannu a kan ruwan da ba ni na ɗebo ba. Na yi kuka ranar, amma shekara goma sha biyar ina alfahari da wannan yagar. Wallahi ka cuce ni, Malam, ka cuci matan da na yi wa alkawari a bakin rijiya.

Kwalba ɗaya ta rage ban buɗe ba. Ga ta nan na ba direba ya kawo maka gida. Tunda yana shawuwa, bismillah.

Na bar ka lafiya.

*

'Yar Kwalba,

Kwalbar ta iso, na ajiye ta a kan tebur. Jiya jikata ta dawo daga makaranta da ƙishi, ta kai hannu za ta sha. Ban taɓa dukanta ba sai jiya.

Kina da kwafin sakamakon?

Malam.