Gorar Tsoho Krek

Pu Lek, Kambodiya
9 ga Agusta

Lamtiur, Maman Duma, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Yaya jikinki, yaya Duma da haƙoranta? Yaya Inna da ciwon gwiwa? Ni lafiya lau, sai kewarku da ta hana ni jin daɗin shinkafa.

Albishirinki, hukuma ta ba mu filin. Za mu kafa majami'a a gaba, ɗakinmu a bayanta, duk a kan dirkoki. Kin san sharaɗin dattawan ikilisiyarmu ta can gida Medan: ba za su turo ku ba sai akwai ɗakin da za ku kwana. To na yi alkawari a nan za mu yi Kirsimeti.

Mutum ɗaya ke neman ɓata min lissafi, Tsoho Krek, maƙwabcina. Ba mai bi ba ne, amma kullum yana bakin fili da lofensa yana gyara mana aiki da baki. Wai kada in yi gini da ɗanyar gora, sai an nutsar da ita a rafi wata biyu. Ni kuwa da idona na ga yana zuba giyar shinkafa a bakin rafin nan. Na ce masa ɗakin Allah ba zai bi ta hannun iskokin ruwa ba. Ya yi dariya har da tari, ya ce ɗan birni ya fi kaza gaggawa.

Ki auna min tsawon Duma da zare ki sako a wasiƙa. Zan yi wa baranda shinge daidai ita. Tana rarrafe na baro ta, yanzu kin ce har gudu take yi.

Naki har kullum,
Togu

Pu Lek
2 ga Disamba

Maman Duma,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kuna lafiya. Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa.

Kada ku haɗa kaya. Ginin ya tashi, har mun yi sujada biyar a ciki, mu goma sha huɗu. Sai na fara ganin wani gari yana zubo min a kan Littafi Mai Tsarki, na ɗauka ƙura ce. Ashe ƙwari ne suka cinye gorar ta ciki. Ran Lahadi ina tsakiyar wa'azi daɓen ya ɓurma, ƙafata ta zurma har cinya. Matan suka rufe baki da zane, sai kafaɗunsu ke rawa. Ki yi taki dariyar, na yafe.

Amma da na taɓa shingen Duma, wanda na auna da zarenki, ya murƙushe a hannuna. Na tuna nisan baranda da ƙasa. Na yi kuka, Lamtiur, ba zan ɓoye miki ba. Taurin kaina ne ya jawo, kin daɗe kina faɗa min.

In za a sari sabuwar gora a jiƙa a busar, damina za ta riske mu, hanya ta yanke. Shekara guda ke nan kuma. Ki gafarta min.

Mijinki,
Togu

Pu Lek
20 ga Janairu

Maman Duma, farin cikina,

Ina gaishe ku duka. Ki zauna kafin ki karanta.

Bayan wasiƙata na je wurin Tsoho Krek na ba shi haƙuri. Ya ɗauki addarsa ya ce in biyo shi. A rafi ya kawar da wasu duwatsu, sai ga gora ta taso, baƙa ƙirin da laka, ta fi ɗari biyu. Tun ranar da muka yi gardama shi da surukansa suka sare ta suka nutsar.

Na tambaye shi zancen giyar. Ya ce, “Giyar ta kakannina ce, babu ruwanta da gorarka. Ƙwaro zaƙi yake bi, ruwa kuma ke wanke zaƙin.” Na ce me ya sa ya wahalar da kansa don wanda ya raina shi? Ya ce, “Ba don kai ba ne. Kullum zaren nan yana aljihunka kana shafawa. Don mai zaren ne.”

Jiya muka gama jinka. Ina gaya miki tun yanzu, ɗakin warin rafi yake yi, kada ki zo ki ce ban yi shara ba. Ki taho da ulos, mayafin gargajiyar nan da Inna ta saƙa mana, tsohon nan zan yafa wa kamar yadda ake yafa wa uba. Na rubuta wa dattawa, ku shigo jirgin farkon Maris.

Da muka zo ɗaure shinge na fito da zaren zan auna, sai ya riƙe hannuna ya ƙara taƙi guda a sama. Ya ce wata biyar ke nan, yarinya ba ta tsaya jirana ba.

Ku zo da wuri, Lamtiur, kafin in sake ƙara wani taƙin.

Naki da na Duma,
Togu